Darussa Ashirin da Uku na Alasan Mai Kati

A Zongon Lome, Alasan ba ɗaya ba ne. Akwai Alasan mahauci, akwai direban tirela mai zuwa Wagadugu, akwai wani dogo mai sayar da darduma a bakin masallacin Juma'a. Amma in ka ce Alasan mai kati, ko ɗan zemijan, mai haya da babur, da ya fara shigowa unguwar jiya zai sauke ka a ƙofar shagonsa, can layin mahauta, jikin shagon Garuba tela. Shagon bai fi taku huɗu ba. Tebur ɗaya, bencin masu jira, tsohuwar kwamfuta da injin buga takarda, sai fanka da ta daina waiwaye tun da daɗewa. A nan ake yin katin ɗaurin aure da na suna, takardar neman aiki, jadawalin azumi, sanarwar rasuwa. Har 'yan ƙabilar Ewe na unguwannin kusa suna kawo masa hoton mamacinsu ya tsara musu takardar jana'iza, don yana jin yaren Mina na mutanen garin kamar Hausa, Faransancinsa kuma ba mai gyara masa.

Kakansa ne ya biyo shanu daga ƙasar Sakkwato har bakin teku, ya zauna. Ubansa ya tashi mahauci, ya so Alasan ya gaje shi, amma shi in ya ga an kayar da sa sai jiri ya ɗebe shi. An yi faɗan, an yi gorin, daga baya tsohon ya haƙura ya bar shi a boko har aji huɗu na kwaleji. Daga nan ya koyi buga tafireta wurin wata mata kusa da kotu, ya yi shekaru yana aiki a wani sibar kafe lokacin da ake yayinsu, sai a 2009 ya buɗe nasa wurin.

Abin da kowa ya san shi da shi, ba ya aiki baki rufe. Duk abin da yatsunsa suka buga, sai bakinsa ya faɗa. "Bismillahi. Iyalan marigayi Alhaji wane... a'a, wannan harafin ya yi ƙiba, mu rage masa tuwo. Yauwa." Garuba yakan ce shi bai ga dalilin sayen rediyo ba, tunda bango ɗaya ne tsakaninsa da Alasan.

Matarsa Ummu Hani 'yar Zongon Sokode ce. Masa take toyawa da safe a ƙofar gida, sana'ar da ta taso da ita daga ɗakin uwarta. Allah ya ba su haihuwa sau biyu. Na fari ya kwana tara a duniya, ta biyu ko kuka ba ta yi ba. Ba sa yin maganar, ko su biyu. Shekara goma sha bakwai suna tare, ba ta taɓa taɓa kwamfutarsa ba sai da tsumma, ranar da ta zo share masa shago.

A ƙarshen 2022 muryarsa ta fara dishewa. Aka ce mura ce. Ya sha zuma da citta, ya sha kanumfari, wani malami ya yi masa rubutu. Wata uku dishewar ba ta tafi ba, har haɗiyar tuwo ta fara yi masa wuya. Da aka kai ga babban asibiti, aka zura masa abin haske a maƙogwaro, aka yanki ɗan nama aka tafi da shi. Ranar da sakamako ya fito likitan bai yi masa kwana-kwana ba. Ciwon daji ne. Za a yi aiki nan da mako bakwai, a cire inda murya take fitowa gaba ɗaya. Bayan aikin ba zai ƙara magana ba.

"Zan warke?" in ji Alasan.

Likitan ya ce za su yi iyakar ƙoƙarinsu. Alasan ya buga wa mutane takardu da yawa a rayuwarsa, ya san irin amsar da ake bayarwa in ba a so a faɗi ɗayar.

A kan zemijan da ya dawo da shi, ba ciwon yake tunani ba. Idon Ummu Hani yake tunani. Hayaƙin tanda ya ci mata ido, kullum ja, kullum ruwa, an sha gaya mata ta bar wuta. Ba ɗa, ba jika. 'Yan'uwanta na Sokode kowa da nauyinsa. Abin da ya mallaka a duniya wanda zai iya bar mata, yana cikin kansa ne da yatsunsa.

Washegari da hantsi, bayan ta sauke tanda, ya kai ta shago ya zaunar da ita a kujerarsa gaban kwamfuta.

"Wannan shi ne suri, linzamin kwamfuta. Ki ɗora hannu a kansa kamar kin dafa ƙwai. Kin ga kibiyar can a allo? Duk inda kika ja shi, can za ta. A'a, ba ɗaga shi za ki yi ba."

"Malam, ta gudu."

"Ba ta gudu ba, Ummu, ke kika kore ta. Dawo da ita."

Ta bar boko tun aji uku. Alƙur'ani kam ta sauke, ajami kuma tana karanta shi kamar ruwa, amma Faransancin da ke jere a saman allon nan duk kamarsu ɗaya a idonta. Abin da ya nuna mata Litinin, Talata ya tafi. Shi kuwa in ya yi magana ta minti ashirin sai wuyansa ya ɗau zafi. A rana ta biyar ta goge masa katin auren wasu mutane da ya kwana biyu yana tsarawa. Ya ɗaga murya, abin da bai saba yi mata ba, tari ya sarƙe shi har ya dafa bango. Da ya cire hankici daga bakinsa ta ga abin da ke jiki.

Ta miƙe. "Ni ba zan iya ba, Malam. Ina ƙarasa ka ne kawai. Ka bar ni da tandata."

Ranar Asabar ya tafi unguwar Kakabeli wurin Fo Kosi, wani Ba'ewe mai gyaran kwamfuta da suka yi aiki tare a sibar. Fo Kosi bai taɓa kiransa da sunansa ba, Alfa yake ce masa. Ya saurari labarin duka yana juya sukudireba a hannu. Can ya ce, "Alfa, kai kana gajiya, bidiyo ba ya gajiya. Ka ɗauki abin da ke faruwa a allonka, da muryarka a kai. Ta kalla sau ɗari in ta ga dama. Ba wanda zai yi mata tsawa."

Alasan ya sunkuyar da kai, don bai gaya masa ya yi tsawa ba.

Ya zaci abu ne na yini ɗaya. Sai da neman manhajar ɗaukar allon ya ci masa kwana goma sha biyu daga cikin kwanakin da suka rage wa muryarsa. Ta farko da ya sauke, an rubuta kyauta da manyan baƙaƙe. Ya ɗauki gwaji, ya buɗe, sai ga tambarin masu ita shimfiɗe a tsakiyar hoton, ya rufe daidai wurin da yake so Ummu Hani ta gani. Ta biyu ba tambari, amma tana cika minti biyar sai ta tsaya ta ce a sa lambar katin banki. Ta uku kyakkyawa ce, irin wadda masu shirya fim suke yabo, ya kwana biyu yana sauke ta da intanet ɗin waya, da ya kunna sai tsohuwar kwamfutar ta yi gurnani, allo ya daskare, kibiya ta ƙi motsi. Wata kuma ba ta aiki sai da intanet. Ya ture ta, don ya san akwai ranar da za ta so kallon darasi ba ta da ko ɗigon intanet a waya.

Wani mai sayar da kayan waya a kasuwar Asigame ya ce masa ya daina wahala, ya kawo kile, wato filashi, ya zuba masa babbar manhaja ta kuɗi wadda aka fasa wa makulli, kowa ita yake amfani da ita. Alasan ya karɓi kilen har ya kai shago, ya ajiye shi a tebur yana kallo. Garuba ya leƙo ya tambaye shi me ya hana shi sakawa.

"Kayan sata ne, Garuba," ya ce da 'yar muryar da ta rage. "Kuma irinsu rana ɗaya suke rufewa. In ta rufe ina nan, zan san dabara. In ta rufe ba na nan fa? Wa za ta kira?"

Garuba ya koma kan keken ɗinkinsa. An daɗe ba a ji ƙarar keken ba.

A ƙarshe Fo Kosi ne ya rubuto masa suna biyu. OBS don ɗaukar allo, Shotcut don yankewa da haɗawa. Duka biyun kyauta ne na gaskiya, ba tambari, ba ƙayyade minti, ba ruwansu da intanet in an riga an saka su, kuma ana iya mayar da su Faransanci. Ta ɗaukar allon ta ba shi tsoro da farko, maɓallai birjik kamar gaban jirgin sama. Sai da ya rage girman hoton da saurinsa kafin kwamfutar ta yarda ta ɗauka ba tare da tsalle ba. Ya sayo ɗan makirfo mai waya a Asigame, irin wanda ake maƙalawa a wuyan riga.

Layin mahauta ba ya shiru sai ɗan lokaci kaɗan, daga an fito sallar asuba zuwa lokacin da za a fara saran ƙashi a kan kututture. A wannan tsakanin yake ɗauka. Ya sha ruwan ɗumi da zuma, ya rufe ƙofa, ya kashe fanka saboda ƙararta, ya zauna cikin zufa. Darasi na ɗaya, yadda ake kunna kwamfuta da kashe ta. Da ya gama ya sa abin saurare a kunne don ya ji yadda ya fita. Ya ji wata murya kamar ana jan buhu a kan siminti. Bai san haka mutane suke jinsa ba. Ya cire abin daga kunnensa ya jefa a aljihun tebur, bai ƙara sawa ba. Daga ranar, in ya gama ɗauka sai ya duba hoton kawai, ya ga kibiya ta bi inda ya kamata, ya yanke farko da ƙarshe, ya adana.

Ya yi darasin rubutu da na zaɓen harafi. Ya yi na saka hoto, na cire bayan hoto, na jera sunaye a katin aure don kada dangin ango su ce an fifita na amarya. Ya yi na rubutun Larabci da yadda yake juyewa in ba a yi hankali ba. Ya yi na injin bugawa, da abin da ake yi in ya cije takarda. Ba ya faɗin sunan maɓalli da Faransanci kawai, sai ya ce na uku daga hagu, mai kama da almakashi. A nan ba ya fushi. Yana maimaita abu sau uku, yana mata wasa, yana cewa, "Kada ki ji tsoro, Ummu, ba abin da za ki lalata wanda ba ya gyaruwa." A makon ƙarshe muryar ta koma raɗa, sai ya kai makirfon dab da leɓensa. Ya gama na ashirin da uku ana jibi za a kwantar da shi. Ya zuba su a dosiye ɗaya, wata ma'ajiya cikin kwamfutar, ya sa wa dosiyen sunanta.

An yi aikin a watan Mayu. Ya kwana goma sha tara a asibiti, Ummu Hani tana shimfiɗa zane a ƙasa kusa da gadonsa. Ya dawo gida da ƙaramar ƙofa a gindin wuya wadda yake numfashi ta ciki, an rufe ta da ɗan farin ƙyalle. Ya rame har hularsa tana sauko masa kan kunne. Yana yawo da littafin 'yan makaranta da biro. Masu boko ya rubuta musu Faransanci, ita kuma ajami, nasa ajamin mai karkace-karkace da ya bari tun yana yaro, har takan gyara masa.

Da ya ji ƙarfin tafiya, ya kai ta shago wata Laraba da la'asar. Ya jona lasifikar da Garuba ya ara musu, ya buɗe dosiyen, ya nuna mata sunanta. Ya danna na ɗaya.

"Assalamu alaikum, Ummu Hani. Yau za mu fara da kunnawa."

Ta dafe ƙirji. Wata guda ke nan ba ta ji shi ba. Ta kalli allo, ta kalli mutumin da ke tsaye kusa da ita baki rufe, hawaye suka zubo mata, tana dariya a ciki. Garuba ya tsayar da keke ya zo bakin ƙofa. Suka saurari na ɗaya har ƙarshe, suka saurari na biyu.

Ya danna na uku. Allo ya buɗe, kibiya ta tashi daga ƙasa ta nufi sama, ta tsaya, ta zagaya wani maɓalli sau biyu. Ba a ji komai ba. Ya ƙara sautin lasifika. Ya taɓa wayar, ya cire ya mayar. Ya koma na biyu, muryar ta fito ras. Ya dawo na uku, shiru. Na huɗu, shiru. Ya tsallaka na goma, na sha biyar, na ashirin. Kibiya tana ta kai da kawowa, tana tsayawa inda ya tsaya yin bayani, wani wurin har tana ɗan rawa, inda ya san dariya yake yi lokacin.

Ummu Hani ta ce, "Malam, ko lasifikar ce?"

Ya buɗe baki. Iska ce kawai ta fito ta ƙyallen wuyansa, da wani ɗan fito. Ya daki tebur da tafin hannu, ya sake duka, har biro ya faɗi ƙasa. Sai ya zauna a bencin masu jira, inda bai taɓa zama ba, ya haɗa kai da gwiwa. Kafaɗunsa suna girgiza, ba sauti. Garuba ya ja ƙofar shagon ya rufe daga waje.

Da safe suka ɗauki kwamfutar da makirfon zuwa Kakabeli. Fo Kosi ya buɗe bidiyon ɗaya bayan ɗaya, ya nuna musu layin sauti a miƙe sumul kamar zare. Ya ɗauki makirfon ya fere robar wayar da reza. A ciki ta tsinke, daidai wani wuri da ya lotsa. Alasan ya gane lotsawar. Ƙafar kujerarsa ce ta taka wayar wata safiya, ya janye ta, ya duba bai ga komai a waje ba.

"Ba laifin manhaja ba ne, Alfa," in ji Fo Kosi a hankali. "Abin da aka ba ta ta ɗauka. Ba wai ya ɓace ba ne da zan nemo. Bai taɓa shiga ba."

Alasan ya rubuta a littafinsa, ya juya masa: Da na saurara sau ɗaya.

Kwana tara bai je shago ba. Yana kwance yana kallon silin. In ta kawo kunu ya sha cokali biyu ya ture. Ita kuwa kullum in ta sauke tanda sai ta ɗauki makulli ta fita. Ta iya kunnawa da kashewa, na ɗaya ya koya mata. Ta iya buɗe dosiye, na biyu ya koya mata. Sai ta zauna tana kallon sauran, shiru, tana bin kibiya da ido.

A rana ta goma ta dawo ta zauna a bakin katifa.

"Malam, na uku ɗin nan. Inda kibiya ta zagaya sau biyu. Cewa ka yi in danna nan in ina son sabuwar takarda, ko?"

Ya juyo ya kalle ta. Ya gyaɗa kai.

"To ai na ji ka. Wani wurin ne ba na ji. Ka tashi ka rubuta min abin da ka faɗa, ni in faɗa. A sa tawa muryar a kai. Fo Kosi ya ce ana yi, na kira shi na tambaya."

Ya yunƙura ya tashi zaune. Sannan ya miƙa hannu ta ba shi hularsa.

Haka suka koma aiki, da sabon makirfo da Fo Kosi ya aiko. Ranar da za su ɗauka ba ta hura wuta. Alasan ya kalli darasi, ya rubuta bayanin da ajami layi-layi. Ita ta karanta har ya zauna mata, sannan ya kunna bidiyon a Shotcut, tana kallon kibiya tana faɗa. In ta riga kibiyar sai ya taɓa mata kafaɗa ta dakata. In ta makara ya ƙwanƙwasa tebur. Da farko karatu take yi kamar mai tilawa. A wajen darasi na bakwai ta fara barin takardar. "Nan za ki danna, 'yar'uwa, mai kama da almakashin nan. Kada ki ɗaga surin, ja za ki yi." Ya rubuta mata: Wace 'yar'uwa? Ta ce ita ma ba ta sani ba, bakinta ne ya fi sakewa in tana ji kamar wata take koya wa. Kuma duk abin da ta faɗa da bakinta sau biyar, sau shida, kafin ɗauka ta yi kyau, ba ya ƙara fita daga kanta.

Wata rana tana duba na gaba, ta buɗe na ashirin da uku. Farar takarda ce a allo, ba rubutu. Kibiya tana gefe ɗaya ba ta motsi. Minti goma sha ɗaya haka.

"Wannan fa, Malam? Ba ka yi komai ba a ciki."

Ya kau da kai.

"Magana ka yi?"

Ya gyaɗa kai.

"Ta aiki?"

Ya girgiza kai. Ta tura masa littafin da biro. Ya riƙe biron ya daɗe, ya fara harafi ya soke. Abin da mutum ya faɗa shi kaɗai a rufaffen shago, da muryar da ya san ta kusa ƙarewa, bai iya mayar da shi kan takarda tana zaune tana kallonsa ba. A ƙarshe ya rubuta layi ɗaya: Na ambaci yaran. Ta karanta. Ta rufe littafin ta riƙe a cinya, suka zauna har aka kira azahar. Ba ta ƙara tambayarsa ba, ba ta kuma yarda a sa murya a kan wannan ba.

Sun kai na goma sha shida ciwon ya dawo, wannan karon a gefen wuya da ƙirji. Zama a kujera ya gagare shi. Ya ƙara rubuta bayanin na sha bakwai a kwance, rabi, rubutun yana gangarowa ƙasan layi. Ya rasu a watan Yunin 2024, ranar wata Alhamis da hantsi, ana ruwa. Mahautan layin duka suka rufe teburansu suka bi shi maƙabarta. Fo Kosi ya zo, ya tsaya daga nesa da hularsa a hannu har aka gama.

Tana cikin takaba Garuba ya ɗauko mata kwamfutar ya kawo gida. Da kwana arba'in ya matso, dangi suka ce a kai wa wani a cikin gari ya tsara sanarwar addu'a. Ta ce a bari. Ta yi kwana uku a kai. Ta cire bayan hotonsa na ranar wata Sallah, ta jera sunayen dangi, na Lome da na Sokode, ba wanda ya ce an danne shi. Larabcin ya juye mata sau biyu kafin ya miƙe. A Faransancin akwai kuskure ɗaya, wani malamin makaranta ya nuna bayan an riga an raba. Sauran darussan da ba su kai ba, a waɗannan watannin ta bi su ita kaɗai, tana tsayarwa tana gwadawa, har ta gane abin da kibiyar take nufi.

Da ta fita takaba yayanta ya zo daga Sokode ya ce ta tattara su tafi, akwai ɗaki. Ta ce ya ba ta shekara ɗaya ta gani.

Ba a ce shagon ya bunƙasa ba. Yanzu yawancin masu biki a waya suke haɗa katinsu, su tura wa jama'a, ba sa bugawa. Sana'ar da Alasan ya ƙarar da muryarsa don ya bar mata, tana raguwa tun kafin ya bar ta. Ba ta daina masa ba, ta dai rage zuwa kwana uku a mako. Darussan kuma sun fita daga shagon. Wata bazawara mai suna Fauziya ce ta fara roƙa a tura mata a waya, daga nan suka bi hannu, har wata ta kira daga Kumasi tana tambayar ko akwai ci gaba. Yawancin masu kallo ba su san hannun da ke jan kibiyar ba na mai maganar ba ne.

Kwanan baya wani tsoho da ya yi gadi a tashar jiragen ruwa ya kawo mata wasiƙa, yana so a buga masa ya kai ofishin fansho. Ya zauna a benci ya jingina sandarsa. Tana bugawa da yatsa biyu, tana duba takardar tana duba allo, tana goge ido da gefen mayafi. Ya yi hamma, ya leƙa waje, ya gyara zama.

"'Yata, da Alasan ne da tuni na kai gida."

"Haka ne, Baba," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ka ƙara haƙuri kaɗan. Saura layi huɗu."